Ware yankin teku domin injinan iska a kewayen tsibiri mai nisa: ta ina ake farawa?

An yi tambaya kamar haka: tsibiri ne can tsakiyar teku, babu kebul ɗin lantarki da ya haɗa shi da babbar ƙasa, wutarsa duk daga janaretocin dizal take fitowa. Hukuma na son ware wani yanki na ruwa domin kafa injinan iska. Ta ina za a fara, kuma da wane ma'auni za a ce nan ya dace, can bai dace ba?

Daga tudu ake farawa. Yawancin masu wannan aiki taswirar iska suke fara buɗewa, su ga inda launi ya yi ja su zagaye shi da alƙalami. A gaɓar babbar ƙasa hakan yana iya yin aiki, domin duk wutar da aka samar akwai mai shan ta. A tsibiri kuwa iska ba ta cika zama abin da ke ƙaranci ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: yawan wutar da layin tsibirin zai iya haɗiya, yadda ƙasan teku ke zurmawa da zarar an bar gaɓa, da kuma tashar jiragen ruwan da za a yi aiki daga cikinta.

Fara da lissafin buƙata, awa bayan awa, na shekara guda aƙalla. Lambar da ka fi buƙata ita ce mafi ƙanƙantar buƙata, wadda galibi takan zo tsakanin ƙarfe biyu zuwa biyar na asuba. Ɗauki misalin tsibirin da buƙatarsa ke kai megawat 100 da yamma, ta sauka zuwa 45 cikin dare, matsakaicinta 65. Ba za a iya kashe janaretoci duka ba, saboda nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsu shi ne ke riƙe bugun lantarki a kan 50 ko 60 a daƙiƙa idan wani abu ya faɗi kwatsam. Janaretan dizal kuma ba ya son a tafiyar da shi da ƙaramin lodi na tsawon lokaci, yana tara baƙi ya lalace. A ce dole a bar megawat 20 na dizal a kunne. Gurbin da ya rage wa iska da dare megawat 25 ne kacal. Injinan teku na zamani kuwa kowanne yana kai megawat 15. Biyu kawai sun cika gurbin har sun yi ambaliya, na uku sai dai a riƙa rage masa ƙarfi ana zubar da wutar. Tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, duk da yana da kebul zuwa babbar ƙasa, tun 2015 yake fama da tilasta wa injinan iska tsayawa idan wuta ta yi yawa.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan haɗari. Injinan teku duk ta kebul ɗaya ko biyu suke turo wutarsu. Idan kebul mai ɗauke da megawat 30 ya katse a lokacin da tsibirin ke shan 45, kashi biyu cikin uku na wutar sun ɓace cikin ƙiftawar ido, bugun lantarki ya faɗi, garin duka ya shiga duhu. Saboda haka ƙa'idar ita ce, kada wani layi guda ya ɗauki fiye da abin da sauran tsarin zai iya maye gurbinsa nan take. Ana faɗaɗa wannan iyaka da manyan batura masu iya kafa bugun lantarki da kansu, da injinan juyi waɗanda ba sa cin mai, aikinsu kawai ba layi nauyi, ko da tura ruwa saman dutse a sako shi daga baya kamar yadda aka yi a tsibirin El Hierro na Kanari tun 2014 da injinan tudu masu megawat 11.5. Inda ake tace ruwan teku domin sha, ana iya mayar da aikin tacewar zuwa dare ya shanye rarar. Duk abin da aka zaɓa, kuɗinsa yana cikin kuɗin aikin iska, kada a ɓoye shi a wani kasafi.

Daga wannan lissafi girman yankin zai fito. Ana barin tazarar da ta kai faɗin farfela sau biyar zuwa goma tsakanin inji da inji, domin wanda ke gaba yana rage wa na baya iska kuma yana hargitsa ta. Farfelar injin megawat 15 tana da faɗin kusan mita 236, sau bakwai ɗinta ya haura kilomita ɗaya da rabi. A dunƙule, murabba'in kilomita ɗaya yana ɗaukar megawat 3 zuwa 7. Ke nan megawat 45, wato injina uku, ba su buƙatar fiye da murabba'in kilomita 6 da rabi zuwa 15. Ba ɗaruruwan kilomita ake nema ba. Ana neman wurare biyu ko uku, kowanne ya ninka abin da ake buƙata kamar sau uku, domin bincike na gaba zai cinye wani ɓangare. Megawat 30 masu aiki da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsu a shekara suna ba da megawat-awa dubu 105, wato kusan kashi 18 cikin ɗari na abin da tsibirin misalinmu ke sha. Yana da kyau 'yan siyasa su ji wannan lamba tun da wuri, kafin a yi wa jama'a alkawarin rabuwa da dizal.

Yanzu a shiga ruwa. Tsibiran da ke kan faffaɗan gefen nahiya, kamar Samso na Denmak ko tsibirin Block na Amurka, suna da ruwa marar zurfi a kewayensu. Tsibiran aman wuta kuwa, irin su Kanari, Azores, Madeira da Hawai, kamar ƙwaryar da aka kifa a ruwa suke: daga bakin gaɓa sai gangare. Kilomita kaɗan da barin tudu ana iya samun zurfin mita 500, gaba kaɗan 1,000, tsakanin Giran Kanariya da Tenerife ma ya haura mita 2,000. Wannan ne ya sa haɗa irin waɗannan tsibirai da juna da kebul yake da wuya, yawancinsu suna zaman kansu.

Zurfi ne ke zaɓar nau'in gindin inji. Har zuwa mita 50 ko 60 ana kafa shi a ƙasa, ko da turken ƙarfe guda da ake dannawa da guduma, ko da ƙafafu uku ko huɗu masu saƙa. Bayan haka sai masu iyo, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙoƙi da anka. Bankin Duniya a kiyasinsa na farko-farko yana amfani da iskar da ta kai mita 7 a daƙiƙa a tsayin mita 100, zurfin da bai wuce mita 50 ba ga masu kafuwa, har zuwa mita 1,000 ga masu iyo. Wannan mita 1,000 a takarda ne. Ayyukan da aka gina a zahiri ba su je can ba: Hywind na Sikotilan, mai injina biyar da megawat 30 tun 2017, yana kan zurfin mita 95 zuwa 120, WindFloat Atlantic na Fotugal kusan mita 100, Hywind Tampen na Norwe mita 260 zuwa 300. Shawarar da ta fi aminci ita ce a raba taswira gida uku, ƙasa da mita 60, daga 60 zuwa 300, daga 300 zuwa 1,000, a ɗauki na ukun a matsayin ajiyar gaba, kada a gina lissafin kuɗi a kansa. Tsakanin mita 50 da 80 ma wuri ne mai wuyar sha'ani, ya yi wa turke zurfi, bai kuma ba sarƙa isasshen lanƙwasar da za ta shanye fizgar raƙuman ruwa ba.

Lambar zurfi ita kaɗai tana yaudara. Taswirar zurfin teku ta GEBCO da kowa ke saukewa kyauta kowane murabba'inta kusan mita 450 ne, kwazazzabo guda yana iya ɓuya a ciki. Sai jirgin bincike ya bi da na'urar amo mai auna ƙasa faffaɗa kafin a ga gangare na gaskiya. Inda gangare ya wuce digiri 5 zuwa 10 a cire shi, domin anka ba ta kamawa daidai, kebul kuma yana rataye tsakanin duwatsu yana gogewa. A duba alamun tsohuwar zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa, abin da ya zama ruwan dare a gefen tsibiran aman wuta. Sannan irin ƙasar: ankar da ake ja ta nutse tana son yashi ko laka mai kaurin mitoci da dama. A kan daskararren dutsen aman wuta babu abin da za ta kama, sai an huda an zuba siminti, aikin da ke ninka kuɗi da lokaci. Kuma a tuna sarƙoƙin inji mai iyo suna miƙewa ɗaruruwan mitoci ta kowane gefe, don haka filin da yake ci a ƙasan teku ya fi wanda ido ke gani a sama nesa ba kusa ba.

Sai iska. Ƙarfin da ke cikin iska yana ƙaruwa da gudunta sau uku a jere, wato gudu sau gudu sau gudu, shi ya sa iskar mita 8 ta fi ta mita 7 da kusan rabi, duk da cewa abin da inji ke iya tatsa bai kai wannan bambanci ba, tunda yana kai ƙarshen ƙarfinsa a wajen mita 11 zuwa 13, ya tsaya cak a wajen 25. Abin da ya bambanta tsibiri mai tsauni shi ne, shi kansa yana sauya iskar. Iskar da ta taras da dutse mai tsayin mita 2,000 takan rabu biyu, ta matse ta ƙara gudu a gefunansa da mashigin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, a bayansa kuma ta bar inuwa ta shiru da hargitsi mai tsawon kilomitoci masu yawa. Kudu maso gabashin Giran Kanariya da mashigin Alenuihaha na Hawai sanannun wuraren matsewar iska ne. Bayanan yanayi na ERA5 kowane murabba'insu kusan kilomita 31 ne, suna gauraya gefen gudu da gefen inuwa su ba ka matsakaicin da babu shi a ko'ina. Kundin taswirar iska na Global Wind Atlas ya fi su dalla-dalla, ya isa tace farko. Amma kafin a sa hannu a wata yarjejeniya sai an ajiye na'urar lida mai iyo, wadda ke auna gudun iska da hasken leza, a wurin na tsawon wata 12 aƙalla, 24 ya fi, a daidaita sakamakon da bayanan shekaru 20. A kuma duba lokacin da iskar ke zuwa. Wadda ke kaɗawa da yamma lokacin da buƙata ta hau ta fi daraja a tsibiri fiye da wadda ta fi ta ƙarfi amma da tsakar dare take zuwa.

Inda guguwa ke ratsawa, matsakaicin gudu ba shi ne abin tsoro ba. A 2003 guguwar Maemi ta afka wa tsibirin Miyako na Jafan da bugun iska da ya kai mita 74 a daƙiƙa, ta kayar da injinan tudu uku. Wani abin lura a irin wannan hali shi ne, idan wutar tsibiri ta ɗauke, inji ba ya iya juya fuskarsa ya bi iska, sai ta buge shi ta gefe. Don haka ana neman injin ajin guguwa, wanda aka ƙera domin jure mita 57 a daƙiƙa a maimakon 50 na aji na ɗaya, da batir ko janareta na kansa domin juyawa. Haka ma raƙuman ruwa: a lissafa mafi girman da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 50. A lissafa kuma kwanaki nawa a shekara tsayinsu ke ƙasa da mita ɗaya da rabi, domin nan ne iyakar ƙaramin jirgin kai ma'aikata. Gefen da ya fi iska sau da yawa shi ne gefen da ba a iya taka inji na makonni, inji ɗaya a tsaye kuwa a tsibiri kashi ɗaya cikin uku ne na dukan aikin.

Bayan nan sai a zo ga cire wuraren da ba a taɓawa. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa mil 12 na ruwan mallakarta da mil 200 na yankin tattalin arziki, da ma'aunin mil na teku, ta kuma yarda a kewaye kowane gini da yankin tsaro da bai wuce mita 500 ba. A tabbatar wace hukuma ce ke da ikon ba da izini, ta tsibiri ko ta tarayya, domin iyakar ikonsu kan ratsa ta tsakiyar wurin da ake so. A cire hanyoyin jiragen ruwa, musamman hanyar jirgin fito da ta jirgin mai, waɗanda rayuwar tsibiri ta rataya a kansu. A cire wuraren atisayen soja. Filin jirgin sama yana da muhimmanci na musamman, saboda a tsibiri mai tsauni a bakin teku ake gina shi, hanyar sauka kuma tana bi ta kan ruwa har kusan kilomita 15, ga inji mai tsayin mita 260 da farfelarsa ke rikita rada. A Giran Kanariya filin jirgi da sansanin sojan sama na Gando suna gefen gabas, kusa da inda iska ta fi kyau. Kebul ɗin sadarwa ma a ba shi tazarar da ta kai zurfin ruwa sau biyu zuwa uku, domin jirgin gyara ya samu wurin kamo shi. Tsibirin da kebul ɗaya ke kawo masa intanet ba ya wasa da wannan.

Halittu kuma sai an yi musu kallon tsanaki. Tsibirai masu nisa su ne mahaifar tsuntsayen teku da yawa, wasunsu babu su a ko'ina sai nan. Wasunsu da dare suke komowa sheƙa, fitila kuma tana ruɗar 'ya'yansu. Ƙidayar rana daga jirgi ba za ta gan su ba, sai an liƙa wa wasu na'urar bin sawu, an sa rada, shekara biyu a jere. Ƙarar dannan turke tana cutar da manyan dabbobin teku irin su wel da dolfin, don haka a san watannin da suke zuwa haihuwa a hana aiki a cikinsu. Murjani da ciyawar ƙasan teku galibi a ruwa marar zurfi suke, wato daidai inda kebul zai bi ya fito tudu.

Masunta su ne waɗanda taswira ta fi mantawa da su. Bayanan na'urar AIS, wadda ke sanar da inda jirgi yake, manyan jirage kawai suke nunawa, ƙananan kwale-kwale ba sa ɗauke da ita. Mai tsari ya ga wuri fari fes a kwamfuta ya ce babu kowa, alhali nan ne abincin ƙauyuka uku. Maganin shi ne a je da taswirar takarda a zauna da su tashar sauke kifi bayan tasha, su zana inda suke zuwa a kowane wata da irin kayan kamun da suke amfani da shi. Mai ƙugiya da mai ajiye tarko suna iya zama da injina, mai jan koma a ƙasa ba zai iya ratsa sarƙoƙi ba. A tsibiran Goto na Jafan an fara da inji mai iyo guda ɗaya mai megawat 2 a 2013, ya fara aikin kasuwanci a 2016, masunta suka ga abin da idonsu shekaru kafin a yi maganar ƙari.

Batun gani daga tudu ba shi da mafita mai sauƙi. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa yana iya hango kan hasumiya mai tsayin mita 150 daga kusan kilomita 49 idan sama ta yi garau, wanda ke kan tsauni kuma ya fi haka. A babbar ƙasa ana ture injina kilomita 20 ko 30 a huta. A tsibirin aman wuta kilomita 20 na iya zama zurfin mita 2,000. Saboda haka dokar da ta ce kada a kafa komai ƙasa da tazara kaza a duk kewayen tsibiri tana iya kashe aikin gaba ɗaya ba tare da an ankara ba. Gara a bambanta gaɓa da gaɓa: a matso kusa a gefen da tashar lantarki da masana'antu suke, a nisanta daga gefen masu yawon buɗe ido da wuraren tarihi.

Abin da ya rage bayan cirewa shi ake jerawa bisa maki. Ana ɗora komai a manhajar taswira, a ba kowane ma'auni nauyi, sau da yawa ta hanyar kwatanta su biyu-biyu irin ta masanin lissafi Thomas Saaty. A nan ake yawan yin kuskure biyu. Na farko, a sa abin da ya kamata a cire cikin jerin maki, sai iska mai kyau ta rufe wa gangare mai haɗari asiri, wurin da ba zai ginu ba ya fito na ɗaya. Na biyu, a ƙidaya abu ɗaya sau uku: zurfi, nisa daga gaɓa da tsawon kebul a tsibiri kusan abu guda ne. A ganina, duk abin da za a iya mayarwa kuɗi a mayar da shi kuɗin kowace megawat-awa, a bar maki ga abin da ba ya sayuwa, kamar tsuntsaye da kamun kifi. Sannan a sauya nauyin sama da ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a sake gudanarwa. Wurin da ya tsaya a sahun gaba duk yadda aka juya shi ne abin dogaro.

Hanyar kebul a tsara ta tare da wurin, kada a bar ta sai daga baya. Ana binne shi mita 1 zuwa 3 a yashi, a kan dutse kuma a lulluɓe shi da tsakuwa ko katifar kankare. Wurin fitowa tudu ne ya fi ba da wahala. A tsibirin Block, inda injina biyar masu megawat 30 suka fara aiki a 2016, igiyar ruwa ta tone kebul a bakin gaɓa har aka sake binne shi da zurfi ta ramin da aka huda a ƙarƙashin yashin. A nemi mafita kusa da tsohuwar tashar dizal, domin nan ne layin tsibiri ya fi ƙarfi, a kuma raba injinan kan kebul biyu masu hanyoyi dabam-dabam idan kuɗi ya bari.

Tashar jiragen ruwa kan rushe tsarin da ya tsallake duk waɗannan. Fiffike ɗaya ya haura mita 100, kan inji ɗaruruwan tan ne, gindi mai iyo dubbai. Nau'in mai dogon gindi kamar na Hywind yana nutsewa kusan mita 80 a ruwa, sai a mashigi mai zurfi ake haɗa shi. Mai iyo a kan ginshiƙai uku, kamar na WindFloat, yana iya shiga tasha, amma yana buƙatar bakin tasha mai faɗi da dandamali mai jure nauyi. Ƙananan tsibirai kaɗan ne ke da haka, don haka a wata ƙasa za a haɗa a jawo. Gyara ma haka: a 2024 sai da aka ja injinan Hywind daga Sikotilan zuwa Norwe domin babban gyara. Ga tsibirin da tasha mafi kusa ke da nisan kilomita 1,000, wannan watanni ne na komawa dizal. Shi ya sa injina shida masu matsakaicin girma sukan fi uku manya dacewa, idan ana samunsu a kasuwa, domin masana'antu sun karkata ga manya.

Takardar ƙarshe ta ƙunshi yankin farko da za a gina, yankin ajiya, zirin kebul na kowanne da filin tashar sauya wuta a tudu, duk a killace a doka tun yanzu. A rubuta iyakar megawat na kowane mataki tare da sharaɗin buɗe na gaba, misali sai an girka batura masu ƙarfi kaza. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan tsara teku ta ce a sake duba tsari aƙalla duk shekara goma. Ga tsibiri, inda sakamakon lida guda ko binciken ƙasan teku guda ke iya sauya jerin wuraren, a sa shekara biyar.